BRUCE LEE (1940–1973): AMURKA TA HAIFE SHI, HONKON TA ƊAUKAKA SHI

Gabatarwa

Da wuya a sami gari a Nijeriya da ba a san sunan Burusli ba. Tun zamanin da gidajen silima ke cika maƙil da dare a Kano da Kaduna da Jos da Ibadan da Legas, finafinan Indiya da na kaboyi da na 'yan Caina su ne abin kallon jama'a, kuma a cikin 'yan Caina babu wanda ya kama ƙafarsa. Har yau idan yaro ya cika tsalle-tsalle da harbin iska, za ka ji an tambaye shi ko shi ne Burusli. Sai dai da yawa daga cikin masu kiran sunan ba su san cewa Ba'amurke ne ta hanyar haihuwa ba, kuma a talabijin ɗin Amurka ne duniya ta fara ganin saurin hannunsa.

Wannan maƙala za ta bi rayuwar Bruce Lee daga haihuwa zuwa mutuwa. Za mu ga mutumin da ya rayu tsakanin ƙasashe biyu da harsuna biyu, wanda a kowane ɓangare aka taɓa nuna masa cewa bai cika ɗan gida ba. Mu ɗaliban harshe muna da abin lura a labarinsa, domin lafazinsa na Turanci yana cikin abubuwan da suka rufe masa ƙofa a ƙasar da aka haife shi.

Haihuwarsa da Sunayensa

An haife shi ranar 27 ga Nuwamba, 1940, a asibitin Sinawa da ke unguwar Sinawa ta birnin San Faransisko, jihar Kalifoniya. Mahaifinsa, Lee Hoi-chuen, shahararren ɗan wasan daɓe ne na gargajiyar Kanton, irin wasan da ake haɗa waƙa da kwaikwayo. Ƙungiyarsu ta zo Amurka yawon wasa daga Honkon, shi ya sa haihuwar ta faɗo a can. Mahaifiyarsa, Grace Ho, 'yar babban gida ce a Honkon, kuma tana da jinin Turawa a jikinta. Dokar Amurka ta ce duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, saboda haka jaririn ya zama Ba'amurke a lokacin da dokar 1882 mai hana ma'aikata Sinawa shigowa ƙasar take aiki. Sai a 1943 aka soke wannan doka.

Sunansa na yanka shi ne Lee Jun-fan, wanda ake fassarawa da ma'anar sake dawowa. Sunan Bruce kuwa a asibiti aka laƙaba masa, kuma gidansu ba su riƙa amfani da shi ba sai da ya shiga makarantar da ake koyarwa da Turanci. Akwai kuma suna na uku, wato Siu-lung, wanda ya yi amfani da shi a finafinai. Ma'anarsa ƙaramin diragon, wato katafaren macijin nan na tatsuniyoyin Sinawa, domin a lissafin kalandarsu shekarar diragon aka haife shi. Wannan ne dalilin da kalmar ta yi ta fitowa a sunayen finafinansa.

Ƙuruciyarsa a Honkon

Yana da 'yan watanni a duniya iyayensa suka koma Honkon, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. A watan Disamba na 1941 sojojin Japan suka mamaye birnin, suka riƙe shi har zuwa Agusta na 1945. Ke nan shekarunsa na farko a cikin yaƙi da ƙuncin rayuwa ya yi su.

Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun yana jariri aka nuna shi a wani fim mai suna Golden Gate Girl, sannan a 1950 ya fito tare da mahaifinsa a fim ɗin The Kid, inda ya ja ragamar labarin yana ɗan shekara tara. Kafin ya cika shekara 18 ya riga ya fito a finafinai kusan 20, duka da harshen Kantonanci. Yawanci yakan fito ne a matsayin maraya ko yaron titi mai taurin kai.

A zahiri ma halin nasa bai yi nisa da haka ba. Karatu bai dame shi ba, faɗa kuwa kullum yana ciki. Ya yi karatu a kwalejin La Salle, daga baya aka mayar da shi kwalejin St. Francis Xavier. A cikin shekarun nan ne ya shiga koyon salon faɗan Wing Chun a wurin malam Ip Man. A nan ya fara ɗanɗana wariya: da wasu ɗalibai suka ji cewa mahaifiyarsa tana da jinin Turawa, sai suka ƙi yin atisaye da shi, domin a ganinsu ilimin na Sinawa ne zalla. Hakan bai sa ya bari ba. A 1958 ya ci gasar damben zamani ta makarantun Honkon, kuma a shekarar dai ya ci gasar rawar ca-ca ta birnin. Masu nazarin finafinansa sukan ce sauƙin ƙafar da ake gani a faɗansa yana da alaƙa da wannan rawa.

Da faɗace-faɗacen titi suka yi yawa har 'yan sanda suka shigo ciki, sai iyayensa suka yanke shawarar tura shi ƙasar haihuwarsa. A watan Afrilu na 1959 ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka, yana ɗan shekara 18.

Rayuwarsa a Siyatil da Okland

Bayan ɗan zama a San Faransisko, sai ya wuce birnin Siyatil na jihar Washinton. Yaron da ya saba da masu aiki a gidansu, sai ga shi yana kai wa baƙi abinci a gidan cin abincin wata mata mai suna Ruby Chow, a saman gidan kuma yake kwana. Ya kammala sakandare a makarantar Edison a ƙarshen 1960, ya shiga Jami'ar Washinton a 1961. Ya karanci wasan kwaikwayo tare da darussan falsafa, amma bai tsaya ya karɓi digiri ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne koyar da faɗa. Ɗalibinsa na farko, Jesse Glover, baƙar fata ne. Babban mataimakinsa, Taky Kimura, ɗan asalin Japan ne, wato ƙasar da ta mamaye garinsu yana yaro. Bruce bai tambayi asalin kowa ba kafin ya koya masa. A 1963 ya wallafa ɗan littafi da Turanci a kan gung fu. Mai karatu zai lura da cewa da harafin g yake rubuta kalmar, domin haka ta fi kusa da furucin Kantonanci, ko da yake kung fu ce ta fi yaɗuwa a duniya.

Cikin ɗalibansa akwai wata Baturiya mai suna Linda Emery. Sun yi aure a watan Agusta na 1964, a lokacin da jihohi da dama na Amurka suke haramta aure tsakanin farar fata da wanda ba farar fata ba. Sai a 1967 Kotun Ƙolin ƙasar ta rushe irin waɗannan dokoki. Allah ya ba su 'ya'ya biyu, Brandon a 1965 da Shannon a 1969.

A ƙarshen 1964, bayan sun koma Okland, ya yi wani faɗa na sirri da wani malamin kung fu mai suna Wong Jack-man. Bayanai sun saɓa a kan wannan faɗa. Linda ta bayyana cewa wasu Sinawa ne suka ƙi amincewa da yadda yake koyar da waɗanda ba Sinawa ba, kuma cikin minti uku mijinta ya gama da abokin karawarsa. Shi kuwa Wong ya musanta dalilin, ya kuma ce faɗan ya wuce minti 20. Abin da ya tabbata shi ne Bruce bai gamsu da kansa ba. Ya ga cewa ya gaji fiye da kima, kuma tsohon salon ya ɗaure masa hannu. Daga nan ya shiga gudu da ɗaga ƙarfe, ya nazarci damben zamani da wasan takobi na Turawa, har ya fito da tsarinsa a 1967, wanda ya kira Jeet Kune Do, wato hanyar tare naushi. Tushen tsarin shi ne mutum ya ɗauki abin da ke da amfani daga kowane salo, ya bar wanda ba shi da amfani.

Shigarsa Talabijin

A watan Agusta na 1964 aka gayyace shi gasar karate ta Long Beach. A nan ya ɗaga jikinsa daga ƙasa da yatsu biyu na hannu ɗaya, ya kuma nuna naushin nan da yake kaiwa daga tazarar inci ɗaya, wanda ke tura ƙato baya. Cikin 'yan kallo akwai Jay Sebring, mai gyaran gashin taurarin Holiwud. Shi ya kai labarinsa ga furodusa William Dozier, aka kira shi gwaji.

Sakamakon wannan gwaji shi ne shirin The Green Hornet, wanda tashar ABC ta nuna daga Satumba 1966 zuwa Maris 1967, kashi 26. Van Williams ne jarumin shirin, mai gidan jarida da ke rufe fuska da dare yana yaƙar miyagu. Bruce ya fito a matsayin Kato, direbansa kuma yaron gidansa. Maganarsa a shirin kaɗan ce, fuskarsa a rufe take, albashinsa kuma bai kai na abokin aikinsa ba. Duk da haka da zarar an fara faɗa, ido yakan koma kan direban. Saurinsa ya yi wa kyamara yawa, har sai da aka roƙe shi ya rage domin mai kallo ya ga abin da ya faru. Wannan ne karon farko da Amurkawa da yawa suka ga kung fu a cikin ɗakunansu.

Domin a fahimci matsayinsa, ya kamata a san yadda Holiwud ta saba da mutanen Asiya. An daɗe ana ɗaukar Bature a yi masa kwalliya ya fito a matsayin Basine ko Bajapane. Warner Oland, wanda ya shahara da fitowa a matsayin ɗan sandan ciki Charlie Chan, ɗan asalin Suwidin ne. A 1961 ma Mickey Rooney ya fito a matsayin Bajapane abin dariya a fim ɗin Breakfast at Tiffany's. Ɗan Asiya na gaskiya kuwa, abin da ya rage masa shi ne kuku ko bara ko mugu.

Da aka dakatar da shirin bayan zango ɗaya, aiki ya yi masa wuya. Ya riƙa samun 'yar fitowa a shirye-shirye irin su Ironside da Here Come the Brides, sannan a 1969 ya fito a fim ɗin Marlowe tare da James Garner, inda ya farfasa ofis da ƙafa cikin 'yan mintoci. Abincinsa ya koma kan koyar da manyan mutane, cikinsu har da Steve McQueen da James Coburn da marubuci Stirling Silliphant da ɗan ƙwallon kwando Kareem Abdul-Jabbar. Yana koyar da taurari, amma shi ba a yarda ya zama tauraro ba.

A watan Agusta na 1970 ya ji mummunan ciwo a baya wajen ɗaga ƙarfe, ya yi watanni a kwance, Linda ta shiga aiki domin riƙe gida. A wannan kwanciya ya yi rubuce-rubuce masu yawa, waɗanda aka tattara wasu aka buga a 1975 da sunan Tao of Jeet Kune Do. Da ya miƙe, Silliphant ya rubuta masa matsayi a shirin Longstreet na 1971, inda ya fito sau huɗu yana koya wa wani makaho dabarun kare kai. A nan ne aka ba shi damar yin magana sosai, masu kallo kuma suka yaba.

Batun Lafazi

A 1971 kamfanin Warner Brothers yana shirin wani wasan talabijin mai suna Kung Fu, labarin wani ɗan zuhudun Shaolin da ke yawo a yammacin Amurka zamanin kaboyi. Iyalan Bruce sun ce tunaninsa ne aka ɗauka, domin ya gabatar da labari mai kama da wannan da sunan The Warrior. Kamfanin ya ce marubuta biyu, Ed Spielman da Howard Friedlander, su ne suka ƙirƙiro shi tun da farko. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne an duba Bruce domin matsayin jarumi, aka ƙi ba shi, kuma cikin dalilan da aka kawo akwai lafazinsa. Aka ba David Carradine, Bature wanda a lokacin bai san kung fu ba. An fara nuna shirin a 1972.

Harshen uwa na Bruce shi ne Kantonanci, harshe mai karin sauti kamar Hausa, sai dai shi kari shida gare shi. Wanda ya tashi da irin wannan harshe dole a ji gurbinsa a Turancinsa. Bruce ya yi karatun jami'a da Turanci, ya rubuta littafi da shi, ya koyar da shi, kuma hirar da ɗan jaridar Kanada Pierre Berton ya yi da shi a Disamba 1971 tana nan a intanet ga mai son ya saurara. Babu kalmar da ke ɓacewa mai sauraro. Duk wanda ya koyi harshe na biyu da girmansa ya san wannan hali: ana iya gane duk abin da ka faɗa, amma a tsaya a kan yadda ka faɗe shi. Lafazi shaida ce ta inda mutum ya fito, ba ma'aunin abin da ya sani ba ne.

Komawa Honkon

Abin da bai sani ba shi ne ana nuna The Green Hornet a Honkon, kuma mutanen can sun mayar da shi shirin Kato. Direban da ke bayan fage a Amurka, shi ne jarumi a gida. Kamfanin Shaw Brothers ya yi masa tayin da ya raina, sai ya sa hannu da Raymond Chow na sabon kamfanin Golden Harvest a kan finafinai biyu.

Na farko shi ne The Big Boss na 1971, wanda aka ɗauka a garin Pak Chong na ƙasar Tailan, labarin lebura a masana'antar ƙanƙara da ake fakewa da ita ana safarar ƙwaya. Ya tara sama da dalar Honkon miliyan 3, abin da wani fim bai taɓa yi ba a birnin. Na biyu, Fist of Fury na 1972, ya wuce miliyan 4. Labarinsa a Shanghai ne, inda ɗalibi ke ɗaukar fansar malaminsa a kan wata makarantar Japanawa. A ciki ne ya tarwatsa allon da ya hana karnuka da Sinawa shiga lambun shaƙatawa. Ga mutanen da suka ga mamayar Japan kuma suke zaune ƙarƙashin Ingila, wannan harbi ya wuce wasa. Wataƙila shi ya sa baƙaƙen fatar Amurka da mutanen Afirka da Asiya suka ɗauke shi nasu: ƙaramin mutum ne wanda ba Bature ba, da aka raina, ya ƙi sunkuyar da kai.

Fim na uku, The Way of the Dragon, shi ya rubuta, ya ba da umarni, ya kuma fito a jarumi. An ɗauki wani ɓangare a birnin Rum na Italiya, kuma a ciki ne ya kara da Chuck Norris a tsohon dandalin Kolosiyam. Ya tara sama da miliyan 5. Akwai wani abin lura a nan. A wancan zamani akan ɗauki finafinan Honkon ba tare da sauti ba, daga baya a ɗora murya da Mandarin, sannan da Turanci domin kasuwar waje. Saboda haka maganar da jama'a suka ji a waɗannan finafinai yawanci ta wasu ce. A Amurka an ƙi muryarsa saboda lafazi, a Honkon kuma an ɗora masa ta wani.

Ganin irin kuɗin da yake tarawa, sai kamfanin Warner Brothers ya dawo da kansa. Bruce ya dakatar da fim ɗin Game of Death da ya fara, aka shiga aikin Enter the Dragon a farkon 1973, bisa umarnin Robert Clouse, tare da John Saxon da Jim Kelly. Kuɗin da aka kashe bai kai dalar Amurka miliyan ɗaya ba. Cikin samarin da suka sha duka a hannunsa a fim ɗin akwai wani da ba a san shi ba tukuna, mai suna Jackie Chan. A wannan fim Bruce ya yi magana da Turanci, da muryarsa, da lafazinsa.

Mutuwarsa

Ranar 10 ga Mayu, 1973, ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin ɗora murya na Golden Harvest. Likitoci suka gano kumburin ƙwaƙwalwa, suka shawo kansa. Ranar 20 ga Yuli, yana gidan 'yar wasa Betty Ting Pei, ya yi kukan ciwon kai, ta ba shi maganin Equagesic, ya kwanta. Bai sake farkawa ba. An garzaya da shi asibitin Queen Elizabeth, inda aka tabbatar da mutuwarsa yana da shekara 32.

Binciken hukuma ya danganta mutuwar da kumburin ƙwaƙwalwa sakamakon yadda jikinsa ya ƙi maganin. Jita-jita ta yi yawa, daga masu cewa guba ce zuwa masu cewa asiri ne, amma babu hujja a kan ko ɗaya. Daga baya marubucin tarihinsa Matthew Polly ya kawo ra'ayin bugun zafi a 2018, wasu likitocin ƙoda kuma suka kawo ra'ayin taruwar ruwa a jiki a 2022. Dubban mutane sun cika titunan Honkon domin yi masa ban kwana, sannan aka kai gawarsa Siyatil aka binne a maƙabartar Lake View. Steve McQueen da James Coburn suna cikin waɗanda suka ɗauki akwatin.

Bayan wata guda, a Agusta 1973, aka saki Enter the Dragon a Amurka, ya zama ɗaya daga cikin finafinan da suka fi kasuwa a shekarar. Abin da ya yi shekaru yana nema ya samu, amma bai gani ba. A 1978 aka ƙarasa Game of Death da wasu masu kama da shi, har aka sa hotunan jana'izarsa ta gaskiya a ciki. Ɗansa Brandon ma ya bi sahunsa, sai dai ranar 31 ga Maris, 1993, bindigar wasa ta kashe shi bisa kuskure wajen ɗaukar fim ɗin The Crow, yana da shekara 28. An binne shi kusa da mahaifinsa.

Kammalawa

Karramawa ta biyo baya. An sa masa tauraro a titin taurarin Holiwud a 1993, mujallar Time ta sa shi cikin mutane 100 mafi tasiri na ƙarni na 20 a 1999, kuma a 2004 ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa Enter the Dragon cikin finafinan da ƙasa za ta adana. A 2005 an kafa mutum-mutuminsa a Honkon da kuma garin Mostar na Bosniya. A 2019 aka fara nuna shirin Warrior, wanda aka gina a kan rubutun da ya bari, 'yarsa Shannon tana cikin masu shiryawa. Jarumin shirin ɗan asalin Asiya ne, kamar yadda ya so tun 1971.

Bayan komawarsa Honkon, finafinai huɗu kacal ya kammala a matsayin babban jarumi, cikin shekara biyu. A Honkon an ce jininsa gauraye ne, a Amurka an ce harshensa bai fita ba. Bai iya canza ko ɗaya daga cikin biyun ba, kuma bai ɓata lokaci wajen ɓoye su ba. Ya ci gaba da aiki har waɗanda suka rufe masa ƙofa suka bi shi Honkon da takardar yarjejeniya a hannu.